Motar Mijina Ta Iya Shan Kwana, Ni Na Kasa Zuba Shayi

Doña Herminia, don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta sama ta zo in rasa kujerata.

Kujerar mota nake nufi. Mijina Leandro yana da wata tsohuwar jar mota marar rufi, mai kujera biyu kacal, wadda ya gada daga babansa. Ta girme ni da shekara talatin. Da ita ya riƙa zuwa zance wurina, kuma a lokacin tafiyarta lumus ce, kamar kwalekwale a kan tafki. Duk Lahadi sai mu hau duwatsun Córdoba, iska na kaɗa min gashi, filas a hammatata, ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, a hannuna, in zuba in miƙa masa, ya zuƙa ya dawo min da shi. Ba zan ɓoye miki ba, ni mayyar littattafan soyayya ce. A cikinsu duk namijin da ya ɗauki mace a buɗaɗɗiyar mota, saura shafi uku ya durƙusa a gabanta. Nawa ma yana durƙusawa har gobe, sai dai a gaban taya.

Abin ya faro ne da ya shiga ƙungiyar masu tsofaffin motoci. A can ya haɗu da wani Fabricio, wanda kowa ke kira Lukuti. Wannan bawan Allah ya bi bayanmu sau ɗaya, da muka tsaya ya ce: "Kai Leandro, motarka in ta zo kwana sai ta kishingiɗa kamar kakata a coci." Shi ke nan. Mijina bai ƙara cin abinci da daɗin rai ba. Ya cire sifirin ɗin ƙafafun, ya sa wasu gajeru masu tauri. Ya sayo shokazoba masu maɓallin murɗawa, ya murɗe su har ƙarshe. Tayoyin kuwa ya ɗura musu iska har sai da suka zama duwatsu.

Yanzu in muka taka 'yar tsakuwa, a haƙorana nake jin ta.

Kin san dai wanda ke gefen direba shi ke zuba mate, haka kowa ya taso ya gani. Lahadin da ta wuce na daidaita bakin filas, motar ta taka wani facin kwalta, ruwan zafi ya sauka a cinyata, ganyen ya watsu a farar rigata. Na kurma ihu. Leandro ya juyo fuskarsa cike da murna ya ce: "Siririyata, kin ji yadda ta riƙe kwanar nan? Ko motsi ba ta yi ba!" Gaskiyarsa. Ni na yi motsin a madadinta.

To ga inda matsalar take. Asabar ta sama ƙungiyarsu za ta yi zagayen shekara, inda na gefen direba ke karanta littafin hanya yana faɗin inda za a karya. Mun gwada sau ɗaya. Haruffan suna ta tsalle a idona, na tsallake layi biyu, muka ƙare a ƙofar garken awakin wani tsoho. Da muka dawo gida ya ce, a hankali wai don kada raina ya ɓaci, ko zan huta a wannan karon Lukuti ya zauna masa, tunda shi ba ya ƙorafi. Ina zai yi ƙorafi, mutumin da aka haifa da matashin kujera a jikinsa?

Surukata ta ce in bar shi, wai babansa ma haka yake. A littafin da nake karantawa yanzu, matar ta ajiye wasiƙa a kan tebur ta hau jirgin ƙasa, mijin ya bi ta a guje cikin ruwan sama. Har na fara rubuta tawa, sai na tuna jirgin garinmu kaya kawai yake ɗauka. Kuma ni ba tafiya nake son yi ba. Lahadin nan ita ce kaɗai ranar da muke mu biyu ba waya, ba aiki, ba 'yan'uwa. In Lukuti ya zauna sau ɗaya, na san ba zai ƙara tashi ba. Ya zan yi?

Mai Ƙonanniyar Cinya, Alta Gracia

*

'Yata, da farko ki shafa wa cinyar nan magani, ki kuma yaga wasiƙar. Namijin da ke tsoron ruwa ya taɓa kujerun motarsa ba zai bi ki a guje cikin ruwan sama ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina auren mai gareji, Allah ya ji ƙansa, don haka na san ciwon nan. Leandro bai yi laifi duka ba. Sifirin da ya shekara hamsin yana ɗauke da mota ya gaji, kuma motar da ke kwanciya a kwana a bakin kwazazzabo ba abin waƙa ba ce, komai daɗin iskar da ke kaɗa miki gashi. Ya kyauta da ya canza. Inda ya ɓata shi ne da ya ɗauka jijjiga ita ce ƙwarewa. Taurin nan na filin tsere ne mai santsi kamar faranti. A hanyoyinmu masu faci bisa faci, ƙafar da ta yi tauri da yawa tsalle take yi, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe da komai. Wato abin da ya zubar miki da ruwan zafi shi ne zai iya zubar da shi a rami, da shi da Lukutinsa.

Gyaran bai kai wahalar da kike zato ba. Ya fara da rage iskar tayoyi zuwa abin da littafin motar ya ce. Sannan ya sassauta shokazoba, murɗa ɗaya-ɗaya, yana gwadawa a hanya guda bayan kowace murɗa. In har yanzu tana kishingiɗa, akwai sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafafun gaba, hana kishingiɗa ne aikinta, bakanike zai duba ta da robobinta ba tare da an karya wa kowa ƙugu ba. In duk an yi wannan tana nan kamar amalanke, to sifirin ya yi gajarta, a nemi matsakaici.

Ke ma da naki. Ba a zuba mate a tsakiyar kwana, ko a wace mota ce. Kuma littafin hanya ana bitarsa tun a gida. Ki ba littafin hanyar rabin kulawar da kike ba wa masoyan da ke cikin littattafanki.

Yadda za ki shawo kansa kuwa, kada ki yi masa lacca, ba zai ji ba. Gobe ki karɓi makulli ki ce kina so ki ji abin da yake ji a sitiyari. Zai ji daɗi har ya buɗe miki ƙofa. Ki ɗora masa filas da ƙoƙo a cinya, ki bi hanyar da ta fi faci, a hankali, kilomita biyar sun isa. In kun dawo ki miƙa masa sifana ki yi shiru.

Bayan ya gama, ki faɗa masa da bakinki abin da kika faɗa min game da Lahadi. A littattafanki maza suna ganewa daga kallon ido. Naki ya ga mace tana ihu ya zaci taya shi murna take yi, don haka ki yi masa dalla-dalla.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ke a kujerarki.

Herminia