Ranar Sunan Ciwon Ummaru

Daren Laraba, Kamarawa, tsakiyar damina

Yau kwana bakwai da munka binne ƙanena Ummaru, yau kuma anka raɗa wa ciwon da ya kashe shi suna. Sai ka ce jinjiri, rago kaɗai ya rage.

Likita ya kira ni asibitin garin Isa, sakamakon jini ya dawo daga Sakkwato. Ya ce ba sauro ba ne, wani mitsitsin ƙwaro ne na cikin ciyawa ke ɗauko ƙwayar cutar. "Baba, a da can Riketsiya ake ce mata. Masana sunka ga ba ɗiyar gidan ba ce, sunka ware ta, sunka ce Oriyentiya."

Na ce, "Ita ta san an sake mata gida?"

Bai yi dariya ba. Ya tambaya ko na ga baƙin ɓawo a jikin Ummaru, kamar ƙunar taba. Na gani, a hammata, rana ta biyu, ina shafa masa ruwa. A lokacin na ce ƙurji ne. Ya ce zanen gidansu ke nan, kuma akwai magani.

Ni da ke duban kuncin Bagobiri in faɗi gidansu, wanga zane ya wuce ni.

Na dawo na iske Hajo, matar Ummaru, kwance da masassara. Fadama ɗaya suke yankan ciyawa. Na sa ɗiyarta ta duba, ga ɓawon bayan gwiwa.

Sunan ciwon na aljihuna, likita ya rubuta. Da asuba za ni kai Hajo asibiti, ko tana takaba.