Ɗigon da ke Takardun Kaka

Daren Laraba, Rawayya.

Yau dai zan yi barci. Kwana uku ina fargabar fumfuna ce ta kama waƙoƙin ajamin da Kaka ya rubuta, tunda ni na bar gafakar a ɗaki mai yoyo.

Da hantsi Malama Rifkatu, mai koyar da kimiyya a Bungudu, ta zo da ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta maƙala a wayarta. Muka duba ɗigon da ke kan takardun, sai ga ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli.

"Fumfuna zare-zare take yi, Malam," in ji ta. "Wannan yashi ne, da ake barbaɗa wa tawada don ta bushe."

Alhamdulillahi. Ashe yashin da Kaka ya barbaɗa da hannunsa na so gogewa da tsumma jiya.