Kwata Muka Kawo Maka, Ba Rikicin Addini Ba

Zuwa ga mai girma Alƙalin Sulhu na unguwarmu, Kuchigoro, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na fito fili ne saboda na gaji da jin "oga ya fita" a ƙofar gidanka.

Ni tela ne. Maƙwabcina Bulus makanike ne. A bara ya ja katanga ta bi ta kan kwatar da ke tsakaninmu. Tun daga nan duk ruwan layin a gindin bangon ɗakin mahaifiyata yake kwana, kuma bangon ƙasa ne. Mu biyu muka zo wurinka da ƙafarmu, don gwamnati ta naɗa ka ne ka raba gardama irin wannan kafin ta kai kotu.

Na ɗaya, da ka ji sunayenmu, Sabi'u da Bulus, ba ka ƙara sauraron komai ba. Ka tara liman da fasto da mai ɗaukar hoto, aka yi mana wa'azin zaman lafiya har la'asar. Muka yi musabaha, aka tafa, aka raba goro. Ko sau ɗaya ba a ambaci kwata ba.

Na biyu, wannan taro ya ɓata abin da yake a gyare. Da, Bulus ya yarda zai fasa ƙasan katangar, in dai wani babba ya nuna iyaka. Yanzu mutanensa sun ce in ya taɓa ta ya ba da su. Nawa kuma suna ce mini kada in sake in roƙe shi. Mutumin da nake ɗinka wa kayan Kirsimeti, yau sai mun waiga kafin mu gaisa. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Na uku, damina ta kankama. Bangon ya tsage, hannuna yana shiga. Inna ta ƙi barin ɗakin, ta ce a ciki mahaifinmu ya cika.

Roƙona ɗaya ne. Ka tako da kanka, ba rakiya, ka duƙa ka dubi inda ruwan yake bi, ka nuna mana iyaka. Guduma tana wurin Bulus, siminti yana wurina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka riga hadari isowa. In shi ya riga ka, tsohuwa za a tono.

Wassalam.

Sabi'u Tela, Kuchigoro.