Mutumin da Ya Zo Duba Baba

Yaya,

Na tafi ofishin tallafin naƙasassu, ban tashe ka ba. Jiya wani ya zo, wai shi aka turo ya duba Baba kafin a ba shi keken guragu. Na ce ina katin aikinsa, ya ce yana mota, alhali a ƙasa ya tako. Takardar likita ta asali yake nema. Ka san Baba da baƙo, har ya fara laluben ƙarƙashin katifa. Yanzu dai tana jakata.

Zai dawo da hantsi. Don Allah kada ka bari Baba ya dangwala yatsa a kan komai. Awa guda mutumin nan ya yi a ɗakin, ko bargo bai ɗaga ya ga ƙafar ba.

Ƙanwarka