Ruwan da Gwaggo Ba Ta Sha Ba

Garin Agiye, daren Laraba, farkon Yuni

Yau mutumin tsabta na meriya, ofishin magajin gari, ya zo wurin ramukan takina. Ya ce doka ta hana tara takin sayarwa kusa da rijiya, in kwashe kafin ruwa ya sauka. Na yi ta yi masa gardama. Tun yaushe taki ya zama ƙazanta a garin manoma? Takin bai nuna ba ma, in na taɓa shi yanzu wahalar rani duka ta tashi a banza, ga masu lambu suna jira.

Da la'asar Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ta shigo gaisuwa. Rijiya ɗaya muke ɗiba da su, jikanta kuma yana gidan likita, zawo ya kwantar da shi. Matata Rabi ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Gwaggo ta karɓa da bisimilla, ta kai kwanon baki, ta aje. Ina kallo, ko leɓenta bai jiƙe ba. Matar da ko a ƙoshe take sai ta kurɓa don kada a ce ta raina gida!

Na ce, "Gwaggo, ba ki sha ba."

Ta ce, "Na sha, ɗana. Allah shi yi albarka."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban san ko takina ne ya ɓata rijiyar ba, wallahi ban sani ba. Ɗazu hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Gobe fa?

Muna raka Gwaggo ƙofa, autata Nana ta ɗauki kwanon ta shanye tas.