Ba Kifin da Zai Bar Gidan Nan

Sham Shui Po, Hong Kong
Kashegarin zubar da shara, sabuwar shekara

Zuwa ga Yaya Suk-yin,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, tare da murnar shiga sabuwar shekara. Ina fatan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigidanki da yara, ina kuma roƙa miki sauƙin gwiwar nan da kika ce sanyin Kanada ya tasa a gaba. Mama ta kunna turare a gaban hoton Baba, ta ambaci sunanki da na duk mutanen gidanki ɗaya bayan ɗaya, har da karen da kuka saya, don ta ce tunda yana cin abincin gidan, ɗan gida ne. Mu nan lafiya lau. Mama tana ci, tana barci, tana kuma zagin masu karanta labarai a talabijin da irin ƙarfin da kika sani. Ni kuwa ina nan ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin daulolin da suka rushe, suna kallona kamar ni na rushe su.

Saƙonki ya iso tun kafin biki, ta bakin matata Lai-fong, don na lura in kina da umarni mai nauyi ba ni kike kira ba, ita kike kira. Ta ce kin ce tankin kifin nan na falo ya cika ya wuce ƙima, a rage rabi, a ba masu sakin dabbobi don neman lada su kai su bakin teku, kada abin da ya faru bara ya maimaitu Mama ta sake kwanciya. Na ji. Na kuma jinkirta amsa da gangan, don in amsa miki da abin da ya faru, ba da abin da nake tsammani ba. Amsar ita ce a'a, Yaya. Ba kifin da zai bar gidan nan. Kifayen nan 'yan ruwan ɗumi ne, a hannun mutane suka saba ci. In aka juye su a mashigar jiragen ruwa cikin wannan sanyi, ladan da za a samu bai wuce na ciyar da tsuntsayen teku ba.

Bari in tuna miki yadda tankin ya cika, don na ga nisa yana kawo mantuwa. Da 'yan kifayena kaɗan na fara, suna yawo kamar masu gida. Ke ce ta farko da ta hawo bene da bokiti, ana gobe za ku tashi, kika ce in riƙe miki rawayan kifinki kafin ki zauna da gindinki a can. Ƙaninmu Kin-ho da zai tafi Ostiraliya ya kawo nasa shuɗin. Kawu Bing da zai bi 'yarsa Ingila ya kawo talibambam ɗinsa, wanda yake cin jatan lande kamar ɗan biki, yake kuma ɓata ruwa daidai da cinsa. 'Yata Wai-sze ma ba ta bar ni ba, ta ajiye min 'yan biyunta masu ruwan lemo. Ban da na maƙwabta. Kowa da bakinsa ya ce na ɗan lokaci ne. Mama kuwa tun tuni ta daina kiransu kifaye, da sunan masu su take kiransu. Da safe in tana watsa musu abinci za ki ji ta tana cewa, "Suk-yin, bar kan ƙannenki, ba ke kaɗai ke da ciki ba." Ban taɓa gaya miki ba don kada ki ji haushi, amma kifin ya ɗauko halinki tsaf.

Abin da ya faru bara kin ji shi ne a waya, cikin kuka da hayaniya, saboda haka ga shi a tsanake. Kin san injin kumfar nan da ke cikin kabad a ƙarƙashin tankin, wanda kika ce ya yi kama da kayan asibiti. Aikinsa shi ne ya kaɗa ruwan gishirin da iska har ya yi kumfa, dattin kifaye da ragowar abinci su manne a jikin kumfar, ta hau sama ta zube cikin wani kofi. Abin da ke taruwa a kofin baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta, warinsa kuma ba na rubutawa a wasiƙa ba ne. Da yawan jama'ar da kuka tara min, kullum sai na zubar. Ranar farko ta sabuwar shekara na durƙusa na ciro kofin, sai ga Mama a kaina da jar rigarta, tana tambayar ina za ni da wannan. Na ce banɗaki. Ta ce, "Ah Cheung, yau ko tsintsiya ba a ɗagawa, kai ruwa za ka zubar min? Arzikin shekara za ka tura masai tun da safe?" Na ce mata wannan ba arziki ba ne, kashin kifi ne. Ta ce kashin ma na gidan nan ne, ba abin da zai fita sai rana ta uku. Ke kin san Mama, kuma ba a musu a ranar farko. Na mayar da kofin.

Sai baƙi suka fara hawowa da lemo da alewa, kowa in ya gaisa da Mama sai ta miƙa masa gwangwanin abincin kifi ta ce ya gaisa da 'yan uwansa na waje. Kowa kuma yana so a ga hannunsa a sake yake. Kofi ya cika, ya tumbatsa, dattin ya koma inda ya fito, ruwa ya yi fari kamar na wankin shinkafa. Kashegari shuɗin Kin-ho ya juya ciki sama. Gwaggo, da take cikin baƙin, ta ce a yi murna, kifin ya karɓi masifar da ta nufo mai shi. Ita ta'aziyya ta yi niyya. Abin da Mama ta ji shi ne akwai masifar da ke neman Kin-ho, kuma ta san adireshinsa. Shi ne ta kwanta, ta ƙi abinci, tana sa a kira mata Ostiraliya har bawan nan ya fara tsoron wayarsa.

Ke kin duba wannan kin ce laifin yawan kifi ne. Lai-fong ta ce laifin al'ada ne, amma a hankali ta faɗa, a kicin. Ni na zauna na duba, na ga ba na ɗaya ba ne a ciki, laifin ƙanƙantar kofi ne. Na karanta labarin garuruwa da yawa da suka cika da jama'a, ban taɓa ganin an yabi hakimin da ya kori rabin mutane ba alhali magudana ce ta yi kaɗan.

Saboda haka tun da sauran lokaci kafin biki na tafi layin masu kifi na Mong Kok, shagon Uwargida Szeto, wadda nake sayen gishiri a wurinta. Ta tambaye ni girman tankin, na faɗa. Ta tambayi yawan mazaunansa, na fara lissafo su. Ban kai ga talibambam ba ta cire tabarau ta ce, "Malam Lok, wannan ba tanki ba ne, jirgin ƙasa ne lokacin tashi daga aiki." Ta ce in rage su, kamar kun haɗa baki. Na ce inji na zo saya, ba shawara ba. Ta ce shawarar kyauta ce, shi ya sa ba na ganin girmanta. Daga nan muka shiga aiki. Yawan ruwan da ake rubutawa a jikin kwali cewa injin zai iya da shi, mun yarda ni da ita an rubuta shi ne don tankin da kifayensa ke kame baki. Ga gida irin nawa sai a nemi wanda aka ce na ninkin ruwana ne. Da na ji haka na nuna wani ƙato a kusurwa mai kama da tukunyar jirgin ruwa. Ta yi dariya ta ce wannan wuyansa ya yi faɗi, kumfar ba za ta sami dattin da zai riƙe ta har ta hau ba, sai ya yini yana gurnani kofi a bushe, kuma in na kai shi gida sai dai mutanen gidan su koma baranda. Na fito da igiyar da na ƙulla daidai faɗi da tsawon kabad ɗin, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa, don ba shiga kaɗai ba ce, sai an bar wurin da hannu zai ɗaga kofin. Na kuma sa ta kunna min waɗanda suka rage, na kara kunne a jikin kowanne kamar likita, saboda gadon Mama yana bayan bangon nan da ake jin tarin maƙwabci ta cikinsa. Mutane suka tsaya suna kallo. Ban damu ba.

Sai na zo kan abin da ya fito da ni daga gida. Na ce ina son mai ƙofa a gindin kofinsa, wadda ake maƙala wa tiyo dattin ya riƙa sauka da kansa. Ta ce akwai, mutane magudana suke kai tiyon su huta. Na ce nawa ba zai ga magudana ba, a cikin gida dattin zai zauna har rana ta uku. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko akwai tsohuwa a gidan. Na ce akwai. Sai ta yanko min tiyo mai tsawo ta cusa a jaka.

Na haɗa shi da wuri, don sabon inji sai ya yi 'yan kwanaki yana hauka, yana aman farar kumfa, kafin ya natsu. Da ya natsu Mama ta zo dubawa, hannu a baya kamar mai binciken makaranta. Ta bi tiyon da ido har ya kai ta ga jarkar roba da na ajiye gefen kabad. Ta tambaya ko ruwan zai tsallake ƙofar gida. Na ce ko kusa. Ta ce to, amma arzikin gidanta ba zai kwana a jarka kamar kananzir ba. Ta sa Lai-fong ta hau kujera ta sauko da babbar tukunyar ƙasar nan, wadda take dafa romon citta da ƙwai na masu jego, wadda kika sha daga cikinta lokacin haihuwar Hoi-lam. Lai-fong ta ce, "Mama, tukunyar jikoki fa?" Mama ta ce 'ya'yan jikokin a inda ba a san ƙamshin citta ba za a haife su, tukunya kuma ba hoto ba ce da za a yi ta kallo. Na yi mata murfin katako mai huda, Mama ta manna mata jar takarda ta neman sa'a.

Kada ki ce na ɓoye maganarki. Na sa Lai-fong ta isar da ita gaban Mama yadda kika faɗa, ba ragi. Ta ce, Mama, Yaya ta ce a rage rabi saboda lafiyarki, wa da wa za a fitar? Mama ta tsaya gaban gilashin ta daɗe. Rawayanki ya zo ya wuce, 'yan biyun Wai-sze suka leƙo daga bayan dutse, talibambam ya taso yana kallonta da idon nan nasa na mai bin abinci. Sai ta ce, "Ai sun fita sau ɗaya. Ba da hannuna za su fita sau biyu ba." Ta koma kujerarta ta ƙara murya a talabijin.

Biki ya zo. Baƙi suka hawo, gwangwani ya zagaya hannu hannu kamar bara, Gwaggo ma ta zuba har sau biyu. Ina zaune da shayina ina jin ɗigon baƙin ruwa yana sauka a tukunya, ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Ruwan tanki ya tsaya garau, ba wanda ya juya ciki sama, ba a kira Ostiraliya ba sai don gaisuwa. Jiya, da aka halatta shara, na rungumi tukunyar zuwa banɗaki, Mama tana bina a baya da hanci a toshe. Da na buɗe murfin ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta ce bana kam mun tara.

To kin ji, Yaya. Na san don Mama kika yi magana, ban kuma raina ba. Amma in har yanzu kina nan kan bakanki cewa kifi ya yi yawa a gidan nan, akwai guda ɗaya da kike da iko a kansa. Ba zan ba masu neman lada shi ba, ba zan sayar ba, ba kuma zan aiko ba. Ki zo da ƙafarki ki ɗauka. Ragar kamu tana rataye bayan ƙofa, bokitin da kika kawo shi a ciki yana baranda, Mama ta hana a taɓa shi. Sai dai ki sani kifin ba ya kamuwa da sauƙi, zai ɗauke ki aƙalla wata guda, kuma gadonki yana nan.

Ki gaida maigidanki Siu-keung, ki ce masa ya rage kwasar ƙanƙara da bayan nan nasa. Ki gaida Hoi-lam da Tsz-hin, jajayen ambulan ɗinsu na kuɗin barka da sabuwar shekara suna hannun kakarsu, ta ce su ma ba a aikawa. In kun yi waya da Kawu Bing ki gaya masa talibambam ya ƙara ƙiba, shi kuma muna fatan ya rage. Lai-fong tana gaisuwa, ta ce in gaya miki ita dai ta isar da saƙo.

Ƙaninki da bai ji magana ba,
Wing-cheung