Kotone Na Sahu Na Biyu, Kuma Nan Za Ta Zauna

Kushiro, Janairu

Zuwa ga Yayana Noboru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da maiɗakinka Sumie, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Inna na nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke gasa mana kifi da safe, ba ta yarda kowa ya taɓa mata murhu. Ranar sabuwar shekara na kunna wa marigayi Baba turare a madadinka.

To Yaya, saƙonka ya iso, har da wanda ka zagaya ta bayana ka aika wa shugaban ƙungiyarmu ta wasan hokin ƙanƙara. Ka ce na wulaƙanta 'yarka da na sauke ta daga sahun farko, in ban mayar da ita ba za ka ɗauke ta ta koma Fukuoka. Ba zan mayar da ita ba. Riƙon Kotone ka ba ni don ta koyi wasa, ba don in riƙa lallashinta ba.

Kana can inda ba a ganin ƙanƙara sai a kofin shayi, ni kuwa ina bakin fili, ni ke horar da 'yan wasan. 'Yan gabanmu uku na sahun farko duk gwanayen ci ne, kowacce ta kafe a gaban raga tana jiran a kawo mata faifai, wato ƙwallon wasan namu. Wa zai shiga kusurwar fili ya sha gwiwar hannu ya ƙwato shi? Babu. Haka muka yi ta shan kashi duk da taurarinmu. Shi ya sa na raba su, na haɗa Kotone da Tomoe, ƙatuwa mai nauyin jiki wadda ba ta barin kusurwa hannu wofi, da Nagisa mai idon miƙa faifai.

Kotone ta yi fushi, ta daina cin abinci tare da mu. A mota ta ce mini wai na haɗa ta da firiji. Da maganar ta kai kunnen Tomoe, dariya ta yi, ta ce ai firiji ke ciyar da gida. Wasannin da suka biyo baya ma an ci mu, iyaye suka dinga gunaguni a bayana. Ban ko waiwaya ba.

Ranar Asabar muka karɓi 'yan Obihiro. Ana dab da tashi muna kunnen doki, suka matse Tomoe da katanga har leɓenta ya fashe, amma sai da ta zaro faifan ta tura wa Nagisa. Nagisa ta miƙa ba tare da ta ɗaga kai ba, Kotone ta zura shi a raga. 'Yarka ba ta tsaya murna ba, kusurwa ta nufa ta ɗago Tomoe. Da na gaya mata abin da kake so, cewa ta yi: "Gwaggo, in kin raba mu, sai dai ki nemi wata a madadina."

Shugaba na iya sallamata gobe, ikonsa ne. Amma muddin usur na wuyana, ni ke tsara sahu. In har kana son ɗauke ta, ka zo da kanka ka faɗa mata a gaban Tomoe.

Ka gaishe da Sumie da Kawu Shigeru da ƙaramin Itsuki. Inna na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Ritsuko